Bidiyon biki zuwa gida: VCD, DVD ko Blu-ray?

Baban Ummi (Jidda):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai bidiyon bikin ɗiyata na awa uku, an ɗauka da kyamara mai 1080. Ina so a sa shi a faifai in ba wa alhazai masu komawa su kai wa dangi a Kano da ƙauye. Wasu suna da fulasma, wasu tsohuwar talabijin mai ƙeya. Wane faifai ne zai fi kyan hoto ba tare da ya ƙi yi a can ba, kuma bai ci kuɗi ba?

Mai Kyamara (Makka):
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri. DVD za ka yi. Cire VCD daga lissafi: hotonsa 352x288 ne, faifai ɗaya yana ɗaukar minti 80 mafi yawa, wato faifai uku ke nan, kuma a fulasma fuskoki za su dame. DVD kuwa 720x576 ne, ya ninka VCD sau huɗu.

Inda ake ɓata aiki shi ne cusa awa ukun a faifai ɗaya mai giga 4.7. Kafin ya shiga sai an matse hoton zuwa wajen megabit 3 a daƙiƙa, to duk wurin da ake rawa ko kyamara ta juya da sauri sai hoto ya farfashe gida-gida, zanen leshi da lalle su ɓace. Raba shi biyu, minti 90 kowanne, hoto a megabit 6, sauti a kilobit 192. Zai shiga daidai. In kwamfuta ta nuna maka 4.38 kada ka ce an cuce ka, bambancin ƙidaya ne kawai. Akwai mai hawa biyu na giga 8.5 da zai ɗauke duka, amma ya fi tsada, kuma tsofaffin na'urori kan maƙale a wurin sauya hawa.

Sayi DVD-R, ya fi DVD+R shiga tsofaffin na'urori. A haɗa shi da manhaja irin DVDStyler a tsarin PAL, wanda talabijin ɗin Najeriya ke bi. Ka tabbatar akwai jakar VIDEO_TS a ciki. In mai shago ya zuba fayil ɗin MP4 kawai a faifai, kwamfuta za ta buɗe amma yawancin na'urorin gida za su ƙi. A ƙona, wato a naɗa bidiyon a faifan, da gudun 4x ko 8x, sannan a rufe faifan a manhajar yadda ba za a ƙara masa komai ba.

Hajiya Yalwa (Madina):
Malam, ni an ce min faifan Saudiyya ba ya yi a Najeriya saboda lambar yanki. Haka ne?

Mai Kyamara (Makka):
Hajiya, wannan na faifan kamfani ne da ake saya a kanti: Saudiyya yanki na 2 take, Najeriya da Sudan na 5. Wanda aka ƙona a gida ba shi da wannan makulli. Abin da ya fi kawo matsala adadin hotuna ne a daƙiƙa. Wutar lantarkin Saudiyya sau 60 take juyawa a daƙiƙa, shi ya sa masu ɗauka a istiraha, wato gidan biki na haya, kan sa kyamara a 30 ko 60 don kada fitilu su riƙa ƙyaftawa a hoto. PAL kuwa 25 yake so. In manhaja ta zubar da hotuna biyar kowace daƙiƙa ba dabara, motsi zai riƙa tsalle. A gwada minti biyu na wurin rawa a gani kafin a yi duka.

Ɗan Kantin Waya (Jidda):
Baba Alhaji, ban ƙi DVD ba, amma kada a manta an kashe kuɗi an ɗauka da 1080. Yi Blu-ray ɗaya na ajiyar gida: giga 25 zai ɗauki awa ukun a 1920x1080 a wajen megabit 17. Aikawa ce ba ta da amfani, don na'urar DVD ba ta karanta shi sam, hasken da ke karatun ma daban ne, kuma faifan da na'urar ƙona shi duk sun fi tsada.

Masu fulasma a ba su filash da MP4 mai H.264. In filash ɗin an tsara shi da FAT32 ne, wato wani tsarin ajiyar fayil, fayil ɗaya ba ya wuce giga 4, sai a yanka bidiyon gida-gida. Ramin USB na tsohuwar na'urar DVD kuwa galibi AVI kaɗai yake ganewa, a talabijin za a soka.

Faifan da aka ƙona ba ya son rana da zafin mota, rinin cikinsa ke lalacewa. Kowanne a sa shi a kwalinsa na roba, a rubuta suna da alƙalami mai taushin baki, ban da biro da manna takarda. A roƙi alhazan su sa a jakar hannu, kada a danne shi a ƙarƙashin dabino.