Jama'a a taimaka min da kalma kafin Alhamis

Maman Walid: Salamu alaikum 'yan uwa. Alhamis ina da darasi da ɗalibaina na saƙa a nan Jidda, bidiyon Larabci nake fassara musu, matar tana magana kan "futur", wato ki ɗauki kwarashi da ulu ki zauna, hannu lafiya lau amma kai ya ƙi kawo sabon zane, ki yi layi biyu ki warware. Me za mu ce da Hausa? Sai kuma abin da ake nema ɗin, "ilham".

Anti Ladi: Kasala ce kawai

Maman Walid: A'a Anti, mai kasala ko zaren ba ta ɗaukowa. Wannan tana so, abin ne ya ƙi zuwa.

Ummu Hanan: toshewar basira. na biyun kuma ilhami ai muna da shi, ko wahayi

Anti Ladi: Wahayi kuma? A kan hular jariri? Ki rufa mana asiri, bar wa Annabawa.

Baban Sadiƙ: Ƙafewar basira ya fi, rijiya kan ƙafe da rani ta kawo ruwa da damina, toshewa kuwa kamar an ce mutum daƙiƙi ne. Ilhami kuma Larabci ne aka liƙa wa wasali, ku da kuka tashi a Makka rabin Hausarku aro ce.

Ummu Hanan: Malam ita basirar daga Daura ta zo? kakata a Makka aka haife ta kuma har ta rasu ba ta taɓa ce wa tuwo asida ba, a daina raina mana Hausa

Baban Sadiƙ: Ban raina ba Hajiya. Amma ƙafewa dai.

Anti Ladi: Ni fa zafin Jidda nake zargi, wa zai yi marmarin saƙa suwaita yana gumi? Ki kai su Balad, tsohon garin Jidda, su kalli sassaƙar tagogin rawashin, ko ki nuna musu saƙar sadu ta Badawiyyai da hukumar UNESCO ta sa a jerinta na al'adun gargajiya a 2020, ga dagin Arewa da aska takwas na gida, zane zai zo ko da suna ko babu.

Baban Sadiƙ: To ƙafewa ko?

Maman Walid: Na gode. Ilhami na ɗauka. Ɗayan zan rubuta ƙafewar basira a takarda, a baki kuma na san "kai ya tsaya" zan ce, shi suke ganewa.

Ummu Hanan: toshewa dai ake cewa, amma ajinki ne