Neman kalma: me za mu kira "semi-automatic pistol" da Hausa?

'Yan uwa masu fassara da ma'aikatan ɗakin labarai, ina so mu rufe muhawarar da muke yi kan fassarar wannan kalma, domin kusan duk inda kalmar ta fito sai a ce "ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta". Ni ban yarda da wannan fassara ba. Shawarata ita ce mu riƙa cewa "ƙaramar bindiga mai ɗana kanta", kuma zan kafa hujja da bindiga guda ɗaya, wadda masu ita a Amurka ba sa gajiya da muhawara a kanta.

Bindigar ita ce samfurin 1911 da kamfanin Tisas ke ƙerawa a birnin Trabzon na Turkiyya, a gaɓar Baƙin Teku, ana kai ta kasuwar Amurka. Asalin ƙirar ta John Browning ce. Sojan Amurka sun karɓe ta a 1911, suka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da ita, da na Koriya da na Biyetnam, har zuwa 1985 da bindigar kamfanin Beretta na Italiya ta maye gurbinta. Gidan harsashinta na ɗaukar guda 7, nauyinta ya ɗara kilo ɗaya kaɗan. Haƙƙin mallakar ƙirar ya daɗe da ƙarewa, saboda haka kowa na iya ƙera irinta. Armscor na ƙasar Filifin na yin tasa da sunan Rock Island, Norinco na Sin ma ya yi kafin Amurka ta rufe ƙofar shigo da bindigoginsa a zamanin shugaba Clinton. Ta Turkiyya yawanci ba ta kai dala 500 ba, alhali ta kamfanin Colt na Amurka takan ninka haka.

To ga yadda take aiki, don a nan hujjar take. Ka ja kunama, harsashi ya fita. Ƙarfin bugun nan da ke dawowa baya shi ke tura murfin saman bindigar ya zame, ya cillar da kwanson da aka harba, ya kwantar da ɗan guduman da ke bayanta. Sifirin ya mayar da murfin gaba, a hanya ya kwaso sabon harsashi ya cusa shi a bututu. Shi ke nan, ta tsaya. Ko da yatsanka na danne da kunama, ba za ta sake tashi ba sai ka saki ka ƙara ja, domin akwai wani ɗan ƙarfe a ciki da aikinsa ke nan, ya raba kunama da guduma bayan kowane harbi. Abin da bindigar ta yi wa kanta shi ne ɗanawa. Harbin kuwa yana hannun mutum, ɗaya bayan ɗaya.

Kalmar "ɗana" tamu ce tun da can. Maharbi na ɗana bindigarsa, ana ɗana tarko, ana ɗana kibiya a baka. Wanda ya taso a ƙauye ya ga yadda ake ɗura wa bindigar toka albarushi, a dandaƙe, a ɗana, a harba sau ɗaya, sannan a koma farko, wanda shi ya sa ake ce wa irinta harba-ka-ruga. Idan ka ce masa wannan ita ke ɗana kanta bayan kowane harbi, ya gane nan take, ba sai ka ƙara masa bayani ba.

Malamin da ya kare "mai sarrafa kanta" a muhawararmu, Allah ya ƙara sani, na fahimci inda ka dosa, kuma ruɗanin ba daga gare mu ya faro ba. Su kansu Amurkawa sunan da suka raɗa wa harsashin wannan bindiga shi ne .45 ACP, harafin A kuma na nufin otomatik. Faransawa ma "pistolet automatique" suke cewa, abin da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke cin karo da shi a takardun hukuma. A wancan zamani abin da suke nufi shi ne tana ɗura wa kanta harsashi. Amma yau idan mai sauraro a Zamfara ko Katsina ya ji "mai sarrafa kanta", AK-47 ce ke faɗo masa a rai, wadda ake danne kunama ta yi ta ɓarin wuta har gidan harsashi ya ƙare. Mutanen da ke kwana da fargabar wannan ƙara sun cancanci a gaya musu takamaiman abin da aka kama ko aka harba. A dokar Amurka ma bambancin babba ne: tun 1934 aka sa wa masu ɓarin wuta rajista ta musamman, a 1986 kuma aka hana farar hula mallakar waɗanda aka ƙera daga lokacin, ita kuwa mai ɗana kanta a kanti ake sayenta. Mu bar wa AK da mai jigida "sarrafa kai".

An kuma kawo "mai harbi ɗaya-ɗaya". Tana da daɗin faɗa, sai dai libarba, wato ƙaramar bindiga mai gangar harsashi mai juyawa, ita ma ɗaya-ɗaya take harbi, ga shi kuwa aikinsu ya bambanta: a libarba yatsan mutum ne ke juya gangar harsashin, bugun harbi ba ya yin komai. "Rabin otomatik" kuwa Turanci ne aka sa wa hula, Bahaushe zai tambaye ka ina ɗaya rabin.

Ƙorafi ɗaya da na ɗauka da muhimmanci shi ne na wata Hajiya a cikinmu, cewa harsashin farko ai da hannu ake ɗana shi. Gaskiya ne ranki ya daɗe, sai an ja murfin baya da hannu kafin harbin farko. Amma haka AK ma take, ba wanda ya ce don haka ba ta sarrafa kanta. Sunan yana bayyana abin da ke faruwa daga harbin farko zuwa na ƙarshe.

Sauran kalmomin da ke tafiya da ita sun fi sauƙi, kuma ra'ayoyin masu bindigar ne ke nuna mana wadda ta dace. Wanda ya sayi ta Tisas ya san ba ta taɓa shiga hannun soja ba, sabuwa ce fil daga masana'anta, an dai bi fasalin ta yaƙin duniya na biyu. Saboda haka "ƙirar soja" za mu ce, kada mu ce "bindigar soja". Akwai waɗanda soja suka riƙe da gaske aka sayar daga baya, kamar Zastava M57 ta tsohuwar Yugoslabiya, wadda kwaikwayon Tokarev ta Rasha ce. Irin waɗannan "gwanjon soja" ya dace da su. Masu su kan yi ƙorafin wani makullin kariya da ake liƙa musu kafin a shigo da su, don cika sharaɗin dokar Amurka ta 1968 kan makaman waje, suna cewa ya ɓata asalin ƙirar.

Kada kuma mu ce "jabu". Jabu shi ne wanda ya saci sunan wani, wannan kuwa sunan kamfaninta da ƙasarta na rubuce a jikinta. "Mai araha" ya wadatar. Abin da masu ita suka fi yabawa ke nan, cewa ƙarfen na da kyau fiye da kuɗin. Ƙorafinsu kuma kusan duk gadon tsohuwar ƙira ne: abin saitin ƙanƙane ne, ido mai shekaru ba ya kama shi, guduman kan cije fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ga mai kaurin hannu, wasu kuma kan ce tana sarƙewa da harsashi mai rami a baki, tunda mai dunƙulallen kai aka ƙera ta dominsa. Akwai masu cewa sai an harba ɗaruruwa kafin ta saki jiki, wasu su ce tasu ba ta taɓa gardama ba tun ranar farko. Masu Colt na cewa araha ba ta ado, su kuma su amsa da cewa kuɗin suna kawai aka biya.

A Nijeriya dai wannan ciniki ba namu ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, lasisinsu sai shugaban ƙasa. Kalmar muke bukata don labarai da kotu da fassara. Ga yadda jimlar za ta fito: "ƙaramar bindiga mai ɗana kanta, ƙirar soja, mai araha, da ake shigowa da ita daga Turkiyya." A kanun labari "fistol mai ɗana kanta" ya isa.

Abin da ya rage shi ne sunan murfin saman nan mai zamewa. Na yi ta cewa "murfi" a nan, wani ya kawo "mazamiya". Tsofaffin soja da 'yan sanda da ke tare da mu, me kuke ce masa a bariki?