Wanda ya ji ƙararrawa ɗaya: maganar Faransawa da kalmar kariyon

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum. Tun muna lakwal, in yaro ya kai ƙarar ɗan uwansa, mushenmu, wato malamin makarantarmu, sai ya ce: "Qui n'entend qu'une cloche n'entend qu'un son." Wato wanda ya ji ƙararrawa ɗaya, amo ɗaya ya ji. Daga nan ya aika a kira wanda aka kai ƙara. Jiya na faɗi maganar a shago, wani ya ce ai tushenta carillon ne. Ni kuwa carillon ɗin da na sani a Faransanci, ƙararrawar ƙofa ce, sai agogon bango mai kiɗa. Me ya haɗa su?

Malam Mai Ƙamus:
Wa alaikumus salam. Mutumin shago ya haɗa abu biyu. Karin maganar cloche ta ce, ƙararrawa kowace iri. Shi carillon na asali kayan kiɗa ne: jerin ƙararrawa na tagulla a saman hasumiya, kowace da muryarta, daga mai kauri zuwa siririya. Masu sana'ar ba sa ba shi wannan suna sai ƙararrawan sun kai 23. Kalmar ta samo asali ne daga Latin, daga kalmar da ke nufin abu huɗu a haɗe. Ka ga ta faro da huɗu, ta girma. Na ƙofa da na agogo aron suna suka yi daga baya.

Hajiya Uwar Biyu:
Malam, ku bar mu da hasumiya tukuna. Maganar ai ta alƙalanci ce. Duk wadda ta taɓa shiga tsakanin miji da mata ta sani: ki ji ta bakin matar, ki rantse mijin azzalumi ne, ya zo ya faɗi nasa, kunya ta kama ki. Ni a nan zan yi amfani da ita.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, kenan daidai take da "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi"?

Hajiya Uwar Biyu:
A'a ƙanena. Waccan tana tura ka wurin mai abu ne. Wannan kuwa cewa take ko mai abun ka ji, da saura.

Baƙon Mekelen:
Ni ina zaune kusa da Mekelen a Beljiyam, inda aka buɗe makarantar koyon wannan kiɗa a 1922, Jef Denyn ne ya kafa ta. A nan beiaard suke ce masa da yarensu. Na taɓa hawa hasumiyar cocin garin, ƙafafuna sun faɗa mini. Abin da ya ba ni mamaki, ƙararrawan a kafe suke, ba sa lilo. Harshen kowace an ɗaure shi da waya zuwa wasu sandunan katako da aka jera a ƙasa. Makaɗin yana dukan sandunan da dunƙulen hannu, manyan kuma yana taka su da ƙafa. Gumi yake yi sosai.
Wahalar tana wurin daidaita murya. Ƙararrawa ɗaya ba amo ɗaya take fitarwa ba, amo da yawa ne ke tashi tare, in ba su jitu ba sai ka ji kamar ana faɗan kwanoni. Wani makaho mai suna Jacob van Eyck, makaɗin garin Utrek a Holan, shi ya iya rarrabe su da kunne. Ya haɗa kai da wasu 'yan uwa biyu maƙera, François da Pieter Hemony, waɗanda suka zuba na farko mai daidaitacciyar murya a 1644, na garin Zutfen. Ana zuba ƙararrawar da ɗan kauri, sai a riƙa kankare cikinta har muryar ta zauna. In aka kankare fiye da kima, sai a narke a sake.

Malam Mai Ƙamus:
To ka rushe wa Faransawa karin maganarsu! Ashe wanda ya ji ƙararrawa ɗaya ma ya ji amo da yawa.

Baƙon Mekelen:
Malam, akwai abin da ya fi wannan damuna. Ƙararrawa arba'in da wani abu suna tashi a kan gari, kowace da muryarta, amma mutum ɗaya ne zaune a ƙasansu. Shi ya sa nake ganin bai kamata a kawo wannan kayan kiɗa cikin karin maganar ba. Hajiya, in surukai biyar suka zo miki da labari iri ɗaya, kuma duk daga bakin uwar miji suka ɗauko, ƙararrawa nawa kika ji?

Hajiya Uwar Biyu:
Ɗaya, wallahi. Kuma haka ake mana a WhatsApp kullum, zaure goma, tushe ɗaya.

Baƙon Mekelen:
Mutanen nan suna da tasu ma: ya ji ƙarar ƙararrawa, amma bai san inda harshenta ke rataye ba. Mai ji-ta-ji-ta suke nufi.

Ɗan Damagaram:
Wannan ta mutumin shago ce, gobe zan kai masa. Saura ɗaya Malam: in zan rubuta da Hausa, karilon ko kariyon?

Malam Mai Ƙamus:
Faransawa kariyon suke furtawa, lam ɗin a bakin masu Ingilishi take fitowa. Tunda kalmar ta Faransawa ce, kuma ku a Nijar haka kuka saba ji, ni kariyon zan rubuta. In mai karatu bai san ta ba, ka ƙara da "ƙararrawan hasumiya masu kiɗa". Kada dai ka ce kuge, wannan na fada ne, aikinsa daban.

Hajiya Uwar Biyu:
Baƙon Mekelen, in ka sake hawa ka ɗauko mana sautin mu ji.