Yara biyu, ciwon sikila, ga gurbin jami'a a Ingila: cikakken lokaci ko rabin lokaci?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila. Na samu gurbin digiri na farko a fannin akanta, za a fara a watan Satumba. Ina da takardar zama ta dindindin, kuma na wuce shekara uku a ƙasar. Yarana biyu, mai shekara shida da mai shekara biyu, ni kuma ina da sikila. Yanzu ina aikin kula da tsofaffi, maigida ma yana aiki. In na ɗauki karatun cikakken lokaci dole in ajiye aikin, in rabin lokaci ne zan iya haɗawa. Don Allah wanda ya taɓa karɓar tallafin masu yara ko na masu lalura ya faɗa min gaskiya: kuɗin yana riƙe gida?

Nas Ummi: Wa alaikumussalam. Allah ya sanya albarka. Ki nemi NHS Learning Support Fund, fam 5,000 suke bayarwa duk shekara, da ƙarin fam 2,000 ga mai yara, kuma ba bashi ba ne. Da shi na gama.

Baban Amira: Nas Ummi, akanta ta ce. Wancan na masu karatun jinya da ungozoma ne da makamantansu. Maman Biyu, ga abin da ya shafe ki: Childcare Grant da Parents' Learning Allowance na ɗaliban cikakken lokaci ne kawai, mai rabin lokaci ba ya samu. Na farkon yana biyan har kashi 85 cikin 100 na kuɗin reno, na biyun a shekarar 2025/26 daga fam 50 ne zuwa fam 2,024, gwargwadon abin da ke shiga gidanku. DSA (Disabled Students' Allowance) kuwa, tallafin ɗalibai masu lalura, ko rabin lokaci kike za ki iya samu, kuma ba a duba albashin kowa.

Anti Larai: Ƙanwata, ki saurare ni, don ni na sha wannan ruwan. Duk lissafin da ake miki a takarda yake. Na ajiye aikina da yara uku na shiga jami'a, na cika fom tun da wuri. Sai aka zo wajen da ake so miji ya tabbatar da abin da yake samu, ya ce shi ba zai buɗe wa kowa cikinsa ba. Na yi roƙo, na sa yayansa ya yi masa magana, shiru. Ba bayanin miji, ba lissafi, ba tallafi. Gidan renon da na kai autana suka karɓi kuɗin wata guda na kafin alƙalami, suka ce ko yaro ya zo ko bai zo ba sai an biya, har ranakun da yake kwance da zazzaɓi. Na cinye ajiyata, na ci bashin ƙawaye, dare na riƙa yi ina shara a ofisoshi, da safe in zauna a aji idona na rufewa. Kafin ya yarda ya ba da takardun, zango ya kusa ƙarewa kuma na faɗi darasi biyu. Ban gama digirin ba har yau, bashin karatun kuma yana kaina. Kafin ki rubuta takardar barin aiki, ki zaunar da maigidanki ki ji daga bakinsa.

Maman Biyu: Innalillahi. Anti, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Jikina ya yi sanyi.

Hajiyar Leeds: Anti Larai, wallahi ba ke kaɗai ba ce. Amma a yi adalci, tallafin renon kansa yana zuwa. Ni ina kai 'yata kwana uku a mako, fam 75 kullum, fam 225 ke nan. Ana biya min fam 191 da ɗoriya kai tsaye ga gidan renon, ni in cika sauran. Iyakarsa fam 193.62 ne a mako ga yaro ɗaya.

Baban Amira: Fam 199.62 ne a 2025/26 Hajiya, 342.24 in yara biyu ne ko fiye. Naki na 2024/25 ne.

Maman Sadiq: Fam 75? A Landan inda nake fam 95 na biya, kuma kwana biyar. Ku lissafa ku ga ko iyakar nan ta kai rabi. Kashi 85 ɗin suna ne kawai ga mu na nan.

Ɗan Kwana: To ku kawo min yaran ni in rene su, fam 20 kullum har da tatsuniya kyauta.

Hajiyar Leeds: Kai Ɗan Kwana, kana da rajistar Ofsted, hukumar da ke sa ido kan masu renon yara? In babu, ko sisi ba za a biya ka ba. Maman Biyu, wannan ma ki riƙe, maƙwabciya ko ƙawa marar rajista ba ta shiga lissafi.

Mai Sikila: Kowa ya tafi kan yara an manta da lafiyarta. 'Yar uwa, ni ma sikila gare ni kuma na karɓi DSA. Kada ki ga an rubuta iyakarsa fam 27,783 a 2025/26 ki zaci za a zuba miki a asusu. Likita zai cika takarda, sannan a zauna da ke a tantance abin da kike buƙata. Ni an ba ni kwamfuta, na biya fam 200 na farko daga aljihuna, da manhajar naɗar darasi, da kuɗin tasi na abin da ya ɗara kuɗin bas. A lokacin sanyin ƙasar nan tasin ya fi min komai. Haya da abinci ba ruwansu. Ki je ofishin masu lalura na jami'arku tun kafin a fara, su rubuta miki tsarin ƙarin lokaci idan ciwo ya tashi lokacin jarrabawa. Mutanenmu da yawa suna ƙin nema don kada a ce musu nakasassu, suna cutar kansu a banza.

Baban Amira: Akwai kuma abin da ba a ambata ba. Awa 30 na reno kyauta na iyaye masu aiki ne, kowannenku sai yana samun aƙalla kwatankwacin kuɗin awa 16 a mako bisa mafi ƙarancin albashi. Kina ajiye aiki za ki fita daga ciki. Awa 15 na kowa da kowa sai yaro ya cika shekara uku.

Anti Larai: Malam, kai kana karanto mana dokoki. Ka taɓa tsayawa a ƙofar gidan reno ana ce maka ba za a karɓi ɗanka ba sai ka biya? A bar waɗanda abin ya ci su yi magana.

Baban Amira: Anti, da girmanki, matata ce ta yi karatun, ni na cika nawa ɓangaren a rana ɗaya. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Maman Sadiq: Kai ɗaya ne cikin nawa? Mata nawa ne a nan suka san albashin mazansu? Ana aika kuɗi gida duk wata ba shawara, amma mace ta ce za ta yi karatu sai a ce babu hali.

Ɗan Kwana: Ai mu aika kuɗin gida wajibi ne, iyaye ne fa.

Maman Sadiq: Ba wanda ya hana. A faɗa mana nawa ne, shi ke nan.

Maman Biyu: Na gode muku duka. Amma har yanzu ban ji daga wanda ya yi rabin lokacin yana aiki ba. Akwai?

Hajiyar Leeds: Maman Sadiq, ki bari kawai. Ni sai da takardar haraji ta zo gida na ga albashin maigidana.