Shin Yawan Idanu Yana Hana Kuskure Ɓuya a Buɗaɗɗiyar Manhaja?

Malam: Assalamu alaikum. A darasin jiya na kawo wa ɗalibai maganar da Eric Raymond, marubuci kan harkar manhaja, ya yi a ƙarshen shekarun 1990, wadda ya jingina wa sunan Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, cewa idan masu dubawa suka yi yawa babu kuskuren da zai yi wuyar ganowa a manhaja. Har yanzu ina kan wannan ra'ayi, domin manhajar da kowa ke iya karanta rubutunta ta fi wadda kamfani ya kulle aminci. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, da girmamawa, ban yarda ba, kuma hujjata ita ce kuskuren da ake kira Heartbleed. A ranar ƙarshe ta shekarar 2011 aka shigar da wani ƙari cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan intanet ke dogara da ita wajen ɓoye bayanan masu shiga, bayan mutum ɗaya ya rubuta, mutum ɗaya ya duba. Abin da aka manta ɗan ƙarami ne: kwamfuta za ta aika 'yan haruffa ta ce tsawonsu ya kai dubbai, ita kuma mai karɓa ba ta auna ba, sai ta cike giɓin da abin da ke ƙwaƙwalwarta, har kilobayit 64 a kowace tambaya, wanda kalmomin sirrin mutane na iya kasancewa a ciki. Rubutun yana fili fiye da shekara biyu, ba a bayyana matsalar ba sai 7 ga Afrilu, 2014. Ina idanun suke duk tsawon wannan lokaci?

Malam: Injiniya, ai misalinka ni yake goya wa baya. Waɗanda suka gano kuskuren, wato Neel Mehta na Google da ma'aikatan kamfanin Codenomicon na ƙasar Finlan, ba 'yan cikin aikin ba ne, kuma ranar da aka sanar da matsalar ranar aka fitar da gyaranta. Da manhajar a kulle take, da sai dai mu zauna jiran ranar da kamfanin ya ga dama.

Injiniya: Ban musa saurin gyara ba, saurin ganowa nake musu. Kuskuren Shellshock da aka gano a Bash, manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni ta cikinta, a Satumbar 2014 tun 1989 yake ciki, shekara 25 ke nan. Kowa yana amfani da manhajar, kowa kuma ya ɗauka wani ya riga ya duba.

Ɗaliba: Malamaina, a ba ni dama in kawo abin da ya same ni. Bara na gano tangarɗa a wata ƙaramar manhaja da ke sarrafa rubutu: duk inda ta gamu da ɓ, ɗ ko ƙ sai ta mayar da su alamar tambaya. Na rubuta faci, wato gyaran rubutun manhajar, na layi tara na tura, na yi wata huɗu ina leƙawa ba amsa, har na fara zaton an raina ni ne. Da mai kula da aikin ya amsa, da misalin ƙarfe biyu na dare a ƙasarsa, sai ya ba ni haƙuri, ya ce shi kaɗai ne, rahotanni sun yi masa yawa, sannan ya roƙe ni in haɗa da gwajin da zai nuna matsalar kafin gyara da bayansa. Tun daga ranar nake ganin masu turo gyara suna da yawa, masu zama su karanta na wani ne suka yi ƙaranci.

Alhaji: 'Yata, kin taɓo inda ciwon yake, kuma ina magana ne a matsayin wanda ya yi shekaru yana karɓar irin wannan faci. Duba aikin wani ya fi rubuta naka wahala, ba ya kawo suna, ba ya kawo kuɗi. Lokacin Heartbleed, Steve Marquess, wanda ke kula da kuɗin OpenSSL, ya bayyana cewa gudummawar da suke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, alhali bankuna da manyan kamfanoni suna cin moriyarta. Sai bayan ɓarna ta auku gidauniyar Linux Foundation ta tara kamfanoni suka kafa asusun tallafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na xz. Lasse Collin ya daɗe yana riƙe da wannan manhaja ta matse fayil a matsayin aikin sa kai, har ya faɗa a 2022 cewa ƙarfinsa ya ragu. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana turo gyare-gyare masu kyau, wasu kuma suna matsa wa Collin lamba ya ƙara mai kula, har aka ba Jia Tan ikon fitar da sabon zubin manhajar. A zubi na 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa, wato hanyar kutsawa kwamfutar mutane a asirce, ya cusa ta cikin fayilolin gwaji inda ba kasafai ake leƙawa ba. Gajiyar mutum ɗaya aka yi amfani da ita.

Malam: Amma Alhaji, wa ya kama shi? Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tona asirin ranar 29 ga Maris, 2024, kafin abin ya isa tsayayyun zubin Linux na Debian da Red Hat, waɗanda jama'a ke amfani da su. Ba don rubutun a buɗe yake ba, ba zai kai ga tushen ba.

Injiniya: Mutum ɗaya ne fa, Malam, kuma wani aikin daban yake yi ya ci karo da shi. Na yarda buɗewar ce ta ba shi hanya, amma ba zan gina tsaron asibiti ko banki a kan fatan wani zai sake yin irin wannan dace ba.

Malam: Na karɓi rabin maganarka, ban karɓi sauran ba. Har yanzu na fi amincewa da abin da zan iya karantawa. Sai dai zan sauya aikin da nake ba ɗalibai a wannan zangon: maimakon kowa ya tura faci, kowa zai ɗauki rahoton kuskure guda da ya daɗe ba a taɓa ba, ya gwada a kwamfutarsa ko zai sake faruwa, ya rubuta matakan dalla-dalla, sannan ya duba facin wani.

Ɗaliba: Malam, idan haka ne ina roƙon a bar mini waccan manhajar, domin na ga akwai rahotanni biyu kan haruffan Yarabanci da ba wanda ya amsa.