Tsoffin majami'un Turai da aka daina ibada a cikinsu: wane amfani ne ya dace da su?

Ɗalibin Zane:
Assalamu alaikum. Yawan masu zuwa coci a Ingila da Holan da Jamus ya ragu sosai, har an rufe majami'u da dama waɗanda wasunsu suka haura shekara 500 da ginawa. Ina roƙon masana su yi mana bayani: ta yaya ake ba irin wannan gini sabon aiki ba tare da an ɓata tarihinsa ba?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ke kashe tsohon gini shi ne zama a rufe, domin da zarar rufi ya fara yoyo ba mai lura, danshi zai cinye katako da zanen bango. Ka dubi cocin 'yan ɗariƙar Dominika a birnin Maastricht na Holan, wanda aka gina a ƙarni na 13. Bayan zuwan sojojin Faransa a 1794 aka daina ibada a cikinsa, har ta kai ana ajiye kekuna a wurin, kafin a mai da shi kantin littattafai a 2006. Masu aikin ba su fasa bango ba. Sun kafa kantoci na ƙarfe masu hawa-hawa a cikin ginin, waɗanda za a iya kwancewa gobe a bar ginshiƙai da rufin yadda aka same su. A ganina wannan ce ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci.

Mazauniyar Landan:
Malam, na yarda da kai a kan gini, amma akwai hakkin mutanen da iyayensu suka yi ibada a wurin. Dokar Cocin Katolika ta yarda a yi amfani da majami'ar da aka rufe don harkar duniya, da sharaɗin kada ta zama ta ƙasƙanci, shi ya sa mai da coci mashaya yakan tayar da ƙura. Ginin da ke titin Brick Lane a Landan ya fi burge ni: Kiristocin Faransa 'yan gudun hijira suka gina shi a 1743, ya zama wurin ibadar Yahudawa a ƙarshen ƙarni na 19, sannan masallaci a 1976, kuma har yanzu dokar kare kayan tarihi tana aiki a kansa.

Tsohon Magini:
Gaskiya ne, Malama, sai dai wannan dabara ta birni ce. Majami'ar ƙauye sau da yawa ba ta samun mai saye. A Ingila hukumar Churches Conservation Trust, wadda aka kafa a 1969, tana riƙe da fiye da 350 daga cikinsu, kuma tana ba matafiya hayar kwana a wasu domin ta samu kuɗin gyaran rufi.