Sabunta tsohon littafi: daga ina ake farawa?

Mai_Alƙalami: Salamu alaikum 'yan'uwa. Waƙar Kate Bush ta 1978, Wuthering Heights, ta ɗauko littafin Emily Brontë na 1847 ta matse shi cikin minti huɗu da ɗoriya, kuma har gobe tana ratsa jiki. Amma littattafan da ake sabuntawa yanzu da yawansu lami suke. Ga mai son ta dawo da Pride and Prejudice zamaninmu, a ce a Kano, daga ina za ta fara?

Tsohon_Edita: Wa alaikumus salam. Malama, ajiye maganar sunaye da tufafi tukuna, ki nemo abin da ya matsa wa mutanen labarin lamba. A wannan littafi, wanda Jane Austen ta fitar a 1813, Bennet na da 'ya'ya mata biyar, ba namiji, kuma bisa sharaɗin gadon gidansu, Longbourn, ranar da ya kwanta dama ɗan'uwansa Collins ne zai gaje gidan. Abin da ya hana uwar barci ke nan, tsoron rasa matsuguni. To a Kano wannan ba zai zauna ba, domin 'ya'ya mata biyu zuwa sama suna da kashi biyu bisa uku na dukiya, matar kuma tana da tumuni. In kika kwafo shi yadda yake, uwar za ta fito mai kwaɗayin surukai masu kuɗi ba gaira ba dalili. Sai kin ƙera wani matsin: gidan gwamnati da za a karɓe in maigida ya yi ritaya, ko gidan da aka jinginar saboda bashi. Haka Barbara Kingsolver ta yi a Demon Copperhead na 2022. Ta ɗauki David Copperfield, marayan littafin Charles Dickens, daga Ingila ta kai shi duwatsun Bajiniya a Amurka, cikin gidajen riƙo da annobar ƙwayoyin kashe zafi, har ta ci kyautar Pulitzer a 2023.

Na biyu, wayar hannu. Labarin guduwar Lydia, autar 'yan matan Bennet, ya makara ne saboda yayarta Jane ta rubuta adireshi ba daidai ba, wasiƙar ta yi ɓatan kai. Yau kira ɗaya ya kashe maganar, don haka duk wani jinkiri sai kin samo masa dalilin da mai karatu zai yarda da shi.

Dare_Da_Garmaho: Gaskiya ne Malam. Waƙar kuwa ta yi nasara ne don ba ta kinkimi littafin duka ba. Wuri ɗaya ta kama, fatalwar Cathy, jarumar littafin, a bakin taga cikin sanyi tana roƙon a buɗe mata, ta kuma sa maganar a bakin Cathy ɗin, alhali a littafin wasu ne ke ba da labarinta. Percival Everett ma bakin mai magana ya sauya a James na 2024, ya miƙa wa Jim, bawan da ya gudu, labarin Huckleberry Finn na Mark Twain. 'Yar'uwa, ki zaɓi mai ba da labarinki kafin ki rubuta layi ɗaya.

Tsohon_Edita: Sai haƙƙin mallaka. A Najeriya shekara 70 ne bayan rasuwar marubuci. Austen ta mutu a 1817, ba mai tare ki. Abubakar Imam kuwa a 1981 ya rasu, saboda haka wanda ke sha'awar sabunta Ruwan Bagaja sai ya nemi izini tukuna.